Abin da Ke Ƙarƙashin Ɗakin Hajjo

Balki tana sayar da atamfa da leshi a Babbar Kasuwa ta Yamai, amma gidanta yana tsallaken kogi, a Kirkissoye. Mijinta marigayi Issoufou ne ya sayi filin a hannun Alhaji Zailani, wani attajiri da ya taɓa riƙe garejin manyan motoci a wurin tun unguwar ba ta cika da gidaje ba. Issoufou ya gina ɗakuna uku da falo, ya haƙa rijiya a tsakar gida, bai daɗe yana morar su ba Allah ya karɓi abinsa. Da Balki ta fita takaba sai ta aika Maradi aka ɗauko mata mahaifiyarta, Hajjo, ta ba ta ɗakin ƙurya da ke jingine da katangar baya, don ya fi sauran sanyi.

Shekarar farko lafiya lau. A damina ta biyu, lokacin da kogi ya cika har ruwa ya fara kwanciya a lungunan unguwa, Hajjo ta soma tashi da ciwon kai. Daga nan sai jiri, sai tashin zuciya, abinci ma ya fita ranta. Aka kai ta likita. Aka duba zazzaɓin sauro, babu. Aka auna jini, bai hau yadda za a tsorata ba. Lokotoron da ya duba ta ya ce tsufa ne da gajiya, ya rubuta magani ya sallame su.

Abin da ya ɗaure wa Balki kai shi ne, duk ranar da ta tafi da tsohuwar kasuwa ta wuni a kan tabarma a bayan shago, sai ta warware, har ta nemi fura. Ta dawo ta kwana a ɗakinta, da safe ta tashi kamar wadda aka daka.

"Ɗakin nan akwai abu a cikinsa," in ji Hajjo wata safiya. "Ni na san abin da hancina ke ji. Ba mushen ɓera ba ne, ba kuma masai ba."

Balki ta shiga ta tsaya. Da farko ba ta ji komai ba. Can sai wani wari siriri ya taɓa hancinta, irin na tsumman bakanike, ya ɓace, ya sake dawowa. Suka fitar da gado da akwatuna, suka share ko'ina. Ba su ga komai ba sai wata tsaga a simintin ƙasa, ta bi gindin bango tun daga kusurwa har bakin ƙofa. Hajjo ta ce ko ma mene ne daga waje ake turo shi. Ta rufe taga, ta toshe ƙasan ƙofa da tsumma, ta shiga yin hayaƙin tazargade safe da yamma. Ciwon kan ya ƙaru.

Ana cikin haka sai ga Alhaji Zailani a shagon Balki. Rabon da ta gan shi tun ta'aziyyar Issoufou. Ya zauna a kan benci, ya yaba leshi, ya tambayi lafiyar Hajjo, sannan ya zo kan abin da ya kawo shi.

"Hajiya, ƙetare gadar nan kullum ba ya gajiyar da ke? Ina da gida a Koira Kano, sabo, ba a taɓa shigarsa ba. Ki ba ni na Kirkissoye ki koma can. Ba sai kin ƙara komai ba."

Balki ta dube shi. Kowa a Yamai ya san gidan Koira Kano ba sa'an na Kirkissoye ba ne, kuma kowa ya san Alhaji Zailani ba ya barin ko ƙusa ta faɗi daga hannunsa.

"Alhaji, me ka gani a gidana?"

"Ba komai. Issoufou abokina ne."

"Allah ya saka da alheri. Zan yi shawara."

Da yamma ta ba maƙwabciyarta Lami labari. Lami tana da ɗakunan haya a gidan da ke kusa, kuma ba abin da ke wucewa a layin ba ta sani ba. Ta tafa hannu.

"Ke Balki, har sai an fassara miki? Tsohuwa ta kwanta ciwo ba dalili, wari ba a ga mai shi ba, sannan mutum ya zo yana neman gidan. Binne aka yi miki. So ake ki gaji ki tashi da ƙafarki."

Balki ba mai yawan bin malamai ba ce, amma maganar ta zauna mata. Ba ta koma wa Alhaji da amsa ba.

Bayan ƴan makonni wata farar mota mai buɗaɗɗen baya ta fara zuwa kangon filin da ke bayan katangarta. Wasu maza suna kafa siraran ƙarafa a ƙasa suna zarewa, wata matashiya mai hular rana a kan kallabi tana bin su da wani ɗan akwati a hannu. Ranar Lahadi da hantsi, Balki tana gida, matashiyar ta yi sallama a ƙofa.

"Ina kwana, Tanti. Sunana Fa'iza. Ni ce nake aikin awon ƙasa a filin nan na bayanku."

Balki ta amsa gaisuwa, ba ta kauce daga bakin ƙofa ba.

Fa'iza ta ce wata ƙungiya ce ke son gina ɗakin haihuwa a filin, kuma masu ba da tallafin sun ce sai an gwada ƙasar tukuna, tunda da gareji ne. Da aka gwada, an samu tururin isansi, wato man fetur, a cikin ƙasa, kuma duk inda suka matso kusa da katangar Balki sai ya ƙaru.

"Man da ya zuba cikin ƙasa ba ya zama wuri ɗaya, Tanti. Yana fitar da tururi. In damina ta zo ruwan ƙasa ya taso, sai ya turo tururin sama. A fili iska ke kwashe shi. In kuwa ɗaki ne a kai, sai ya bi ta tsagar siminti ya shiga ya taru. Akwai wanda ke fama da ciwon kai a gidan nan?"

Balki ta tsare ta da ido.

"Wa ya gaya miki?"

"Ba wanda ya gaya mini. Tambaya na yi."

"Filin da kike aunawa, na wane ne?"

"Na Alhaji Zailani. Shi zai sayar wa ƙungiyar."

Balki ta yi ƴar dariya. "To, yanzu na ji magana. Ya zo da baki bai samu ba, ya aiko da na'ura. Gobe ki rubuta cewa gidana ba ya zaunuwa, jibi a zo da takarda a ce in fita."

"Wallahi ban taɓa zama da shi ba. Ƙungiyar ce ta ɗauki ofishinmu aiki."

"Haka za ki ce mana."

Da ƙofar za ta rufe, sai muryar Hajjo ta fito daga tsakar gida. "Balki, bar yarinyar ta shigo. Ni ke kwana a ɗakin, ba ke ba."

Fa'iza ta durƙusa ta gaida Hajjo, sannan ta kunna ɗan akwatin nata. A tsakar gida shiru. A falo shiru. A ɗakin Balki ya ɗan motsa. Da ta shiga ɗakin Hajjo ta kai bakinsa kan tsagar nan, sai ya kama ƙara ba tsayawa. Balki ba fuskar na'urar take kallo ba, yatsun Fa'iza take kallo, ko za ta ga inda take dannawa.

Fa'iza ta hangi kaskon turare a kusurwa, fuskarta ta sauya. "Inna, don Allah kada a ƙara shigo da garwashi ɗakin nan. A buɗe taga, a cire tsumman ƙofa. Ki koma falo da kwana har mu gane. Ruwan rijiyar ma a dakata da shi, ko na alwala."

Ta ce na'urar hannu nuni kawai take yi, ba ta faɗin wane irin tururi ne ko yawansa na gaskiya. Ta fito da wasu ƴan bututu biyu, kowanne bai fi yatsa ba, ta manna musu alama. Ɗaya ta rataya a ɗakin Hajjo, ɗaya a ɗakin Balki. Ta ce su bar su nan su sha iskar ɗakin, za ta dawo ta kai su labo, wato ɗakin gwaje-gwaje.

Hajjo ta koma falo a ranar. Balki kuwa ta wuni tana juya maganar. In da gaskiya yarinyar ta zo, to ransu ne a kan layi. In kuwa shiri ne, sakamakon a rubuce yake tun kafin a rataya bututun, kuma kowa ya san ɗakin da za a ce. Lami ma ta sani, mai garuwa ma ya sani. Bayan la'asar ta tashi ta shiga ɗakin Hajjo, ta sauke bututun da ke can ta kai nata ɗakin, ta ɗauko na ɗakinta ta rataya a na Hajjo. Ranar da Fa'iza ta yi waya ta ce tana tafe, Balki ta mayar da kowanne inda aka sa shi tun farko. Ba ta gaya wa kowa ba, har Hajjo.

Kafin sakamako ya fito, Hajjo ta fara samun sauƙi. Ta daina riƙe kai da safe, ta koma cin abinci. Lami ta ce ai dama binnen a ɗakin yake, dole ta ji sauƙi da ta bar shi. Alhaji Zailani ya aiko ɗansa Nassirou shago ya ji ko Hajiya ta gama shawara. Balki ta ce tana nan tana yi.

Fa'iza ta dawo wata ranar Asabar da yamma, ba fara'a a fuskarta. Ta zauna a bakin tabarma, ta ƙi ko shan ruwa.

"Tanti, akwai matsala, kuma ina jin daga wajena take. Labo sun ce ɗakinki ne ke cike da benzen, wato gubar da ke cikin tururin isansi, ɗakin Inna kuma kusan ba komai. Wannan ya saɓa wa abin da na gani da idona. Ko dai na rikita alamomin, ko su sun rikita. Na gaya wa shugabana ba zan sa hannu a kai ba sai an sake. Amma kafin nan ke ma ki bar ɗakinki. Ba zan iya ce miki ki kwana a ciki ba alhali ban tabbata ba."

Balki ta dube ta. Yarinyar ta rame kaɗan, kuma a bayyane yake ta sha faɗa a wurin aiki.

"Ba ki rikita komai ba," in ji Balki. "Ni na musanya su bayan kin tafi. Na ɗakina a ɗakin Inna ya kwana."

Fa'iza ta zabura. "Tanti! Kin san abin da wannan ya jawo mini?"

"Ban sani ba. Abin da na sani, da ƙarya kika zo da ita, da yau kin ce mini ɗakin Inna ne. Ƴan bututun nan sun faɗi inda suka kwana, ke kuma kin faɗi abin da suka faɗa ko da bai yi miki daɗi ba. Yanzu sai ki gaya mini abin da za a yi."

Hajjo da ke gefe tana jan carbi ta ce, "Ki yi haƙuri, ƴata. Tun tana ƙarama haka take. Ko gishiri aka ba ta sai ta lasa."

Fa'iza ta yi dariyar da ba ta shirya ba, ta karɓi ruwan ta sha. Ta ce duk da haka sai an sake awon, don ba a gina magana a kan gwajin da aka taɓa. Wannan karon ta ɗaure bututun da zare ta manne kullin, Balki tana tsaye tana kallo. Ta kuma sa aka huda simintin ɗakin Hajjo da ɗan ƙaramin rami, aka zuƙo iskar da ke ƙarƙashinsa. Sakamako na biyu ya zo yadda na'urar hannu ta nuna, kuma na ƙarƙashin siminti ya ninka na cikin ɗaki nesa ba kusa ba.

Daga nan ma'aikatan Fa'iza suka bi gindin katanga ta waje suna haƙa. Ba su yi nisa ba shebur ya bugi ƙarfe. Wani tsohon tankin mai ne a kwance, ya yi tsatsa ya huje, da sauran baƙin ruwa a cikinsa. Rabinsa a filin Alhaji, rabinsa ya shige ƙarƙashin katangar Balki har gindin ɗakin Hajjo. Warin da ya tashi ya sa ƴan kallo suka ja da baya suna toshe hanci. Lami na cikinsu. Ta ce, "To ai ga binnen nan," amma muryarta ba ta yi ƙarfi ba.

Washegari Balki ba ta buɗe shago ba. Ta hau taksi ta tafi gidan Alhaji Zailani, ta same shi a zaure.

"Alhaji, ka san da tankin nan lokacin da ka sayar wa Issoufou?"

"Hajiya, yarana na sa su kwashe komai. Sun ce mini sun kwashe."

"Da ka zo shagona fa? Lokacin ka sani?"

Ya gyara zaman hularsa. "Taimako na so in yi miki."

"Da na karɓi gidan Koira Kano, me za ka yi da nawa? Ka rushe ka tone, ko ka zuba ƴan haya?"

"Hajiya, zato zunubi ne."

"Haka ne. Shi ya sa na zo na tambaya."

Ta miƙe ta yi masa sallama ta fita. Har yau ba ta san ko ya so ya raba ta da haɗari ba tare da ya tona wa kansa asiri ba, ko kuwa so ya yi ya rufe maganar kafin masu awo su iso katangarta. Wani lokaci takan ga kamar na farkon ne. Galibi takan ga na biyun.

Abin da ya warware lamarin ba kunya ba ce. Ƙungiyar ta ce ba za ta karɓi filin ba sai an tsabtace shi, har da abin da ya tsallaka gidan maƙwabta. Alhaji ya turo Nassirou ya tsaya a kan aikin. Aka zuƙe ruwan tankin aka tafi da shi a durom. Aka yanke rabin da ke fili aka ciro, aka kwashe baƙar ƙasar da ke kewaye da shi. Rabin da ke ƙarƙashin katanga ba a iya taɓa shi ba don kada ɗakin ya zauna, sai aka wanke shi aka cika da yashi da siminti.

Fa'iza ta gaya wa Balki gaskiya cewa ƙasar da ke ƙarƙashin ɗakin za ta daɗe tana fitar da tururi. Don haka aka like tsagar nan da duk wata kafa da ke ƙasan ɗakunan. A kusurwar ɗakin Hajjo aka fasa siminti, aka yi rami aka cika shi da tsakuwa, aka dasa tiyo a ciki aka sake rufewa. Tiyon ya huda bango ya hau har ya wuce rufin kwano, da ƴar fanka a samansa da ke zuƙo iskar ƙarƙashin ɗaki tana watsawa sama. Balki ta ce ita ba ta yarda da fankar da za ta tsaya duk lokacin da aka ɗauke wuta ba. Nassirou ya yi ta waya da mahaifinsa, daga ƙarshe aka kawo faifan sola da batir. Rijiyar kuwa an rufe ta da murfin siminti, don ruwanta ma an samu mai a ciki. Balki ta koma sayen ruwa wurin ƴan garuwa kafin a ja mata famfo.

Duk ranar da ake aikin tana tsaye a kansu. Ta tambayi sunan abin da aka like tsaga da shi, ta sa aka nuna mata yadda za ta gane in fankar ta tsaya. Da aka sake awo bayan an gama, aka ce iskar ɗakin ta yi kyau, ta ce ta ji, amma rani ne yanzu, a bari kogi ya cika a sake. Fa'iza ta ce ai dama haka tsarin yake. Hajjo ta ci gaba da kwana a falo har damina ta zo aka sake gwadawa, sannan ta yarda aka mayar mata da gadonta. Tagar ɗakin ba ta ƙara rufe ta ba.

Saura gidan Lami. Fa'iza ta ce yadda ruwan ƙasa ke gangarawa wajen kogi, akwai yiwuwar abin ya kai can, kuma ɗakunan hayar a ƙasa suke, ba su da tagogin kirki. Sau biyu tana zuwa, Lami tana cewa ba ta da lokaci. A layi kuma tana cewa tiyon Balki ne ma ke huro mata wari. Balki ta san abin da ke ranta: in ƴan haya suka ji an kawo na'ura, kafin wata ya mutu sun watse.

Wata safiya Balki ta fito za ta kasuwa, sai ta tarar da Lami a tsaye a ƙofa tana jiranta, ta yafa mayafi har goshi. Suka gaisa. Lami ta waiwaya ta ga ba kowa a layin, ta rage murya.

"Matar da ke ɗakin ƙarshe, mai jaririn nan, kwana biyu tana kukan jiri. Yarinyar nan taki, in ta auna ta samu wani abu, wa da wa take gaya wa?"

"Ban san duka ba," in ji Balki. "Ba zan ce miki ba wanda zai ji ba. Ki tambaye ta da kanki, ki tsare ta da ido."

Lami ta gyara mayafinta. "Kira ta."

Balki ta ajiye jakarta a kan dakali, ta ciro waya ta kira Fa'iza, ta miƙa wa Lami tun kafin a ɗauka.